Likkafanin Baba Munkaila Tela

Ina kan keke da hantsi, ina haɗa hannun wata riga, wayata ta yi ƙara. Inna Zali ce, matar maigidana. Tun da sassafe motar likita ta ɗauke su daga Gaya za ta kai Baba babban asibitin Doso, don haka na ɗauka za ta ce mini sun sauka lafiya. Ko sallama ba ta yi ba, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba. Cewa kawai ta yi, "Isaka, mun juyo."

Na ce, "Kun juyo, Inna? Motar ce ta lalace?"

Ta ce, "Mota lafiyarta ƙalau. Babanka ne ya cika a hanya. Je ka share ƙofar gida, ka shimfiɗa tabarmi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka labarin rasuwar Malam Munkaila Tela ya iske ni, mutumin da duk garinmu na bakin kogi, tsakanin Gaya da Tunuga, yake kira Baba. Ba shi ya haife ni ba. Mahaifina manomin shinkafa ne, shi ya kama hannuna ina ƙarami ya danƙa wa Baba don in koyi ɗinki. A rumfarsa na girma, a gidansa na ci tuwo, shi ya nema mini aure, shi kuma ya saya mini keken da nake kai lokacin da wayar ta shigo. Ba ciwon tsufa ne ya kashe shi ba, kuma ba zan rufe wannan maganar da lallashi ba. Duka ne ya kashe shi, dukan gora da jifan dutse, a tsakiyar garin da ya yi wa sutura shekara da shekaru, saboda kujerar konseye guda ɗaya, wato ta ɗan majalisar gari.

Duk wanda ya san rumfar Baba da ke kusa da kwata ya san rediyon nan nasa mai ɗaurin roba, rataye a ƙusa saman kansa. Labarin manyan ƙasashe bai dame shi ba, zaɓen shugaban ƙasa ma sama-sama yake saurara. Amma a ce za a sake zaɓe a wata ƙaramar komin, wato gunduma, da ko direbobi sai sun tambayi hanyarta, ko ana zaɓen cike gurbi a wata ƙaramar hukuma ta Kabi can tsallaken iyaka, ko mutanen Malanbil suna ja-in-ja a kan kujerar unguwa, to ranar mai ɗinki sai ya yi haƙuri. Direban kamyo, babbar motar kaya, in ya tsaya shan ruwa, ko mai kwalekwale, ko mata masu sarin kifi, Baba zai tsare su da tambaya. Wane ne ya tsaya? Ɗan gidan wa ne? Me ya taɓa yi wa garinsu? Wa ya ci, kuma da rata ko da ƙyar? Tambayarsa ta ƙarshe ba ta canjawa: "Wanda ya faɗi, ya je ya gai da wanda ya ci?"

Wata rana abin ya ishe ni, ga ɗinkin salla ya taru, ga shi ya zaunar da wani direba yana ta tambaya. Na ce, "Haba Baba! Mu da ba mu neman ko shugabancin 'yan tela, ina ruwanmu da konseyen ƙauyen da ba mu taɓa takawa ba?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Isaka, wanda ya faɗi a zaɓen Yamai jirgin sama yake hawa ya tafi hutawa. Wanda ya faɗi a zaɓen ƙauye kuwa, gobe kwalekwale ɗaya zai shiga da wanda ya kayar da shi. Ni so nake in ji ko kwalekwalen ya kai gaci. Taka kekenka."

Lokacin zaɓe kowane ɓangare rumfarsa yake kawo atamfar jam'iyya, shi kuwa ya ɗinka wa kowa, kuma ba a taɓa jin wanda ya jefa wa ƙuri'a ba, ko Inna Zali ba ta sani ba. Ƙyallayen da suka rage ba ya zubarwa. Haɗa su yake yi, na wannan jam'iyya da na waccan, ya yi matashin zama, ya ajiye a kan bencin baƙi. In wani mai zafin kai ya zauna yana zagin abokan hamayya har jijiyar wuyansa ta tashi, sai Baba ya bari ya gama tukun, sannan ya ce, "Ɗan tashi ka duba abin da kake zaune a kai." Mutum ya tashi ya ga fuskar ɗan takararsa manne da ta wanda yake zagi, a kwashe da dariya, shi ma dole ya dara.

Abu ɗaya ne Baba ba ya wasa da shi, shi ne likkafani. Shi yake ɗinka na duk wanda ya rasu a garin, kuma ba ya karɓar komai. Yana da yadda yake yi, ya kuma koya mini da tsawa har ya zauna mini. Da an kawo farin yadi zai kashe rediyo, lokacin nan kaɗai ake jin rumfar shiru. Zai yi alwala, ya sauka daga keke ya zauna a tabarma, don a wajensa farin yadin mamaci ba ya hawa keke. Da hannu yake ɗinki, da zaren da ya zaro daga jikin yadin, kuma ba ya ƙulla bakin zare. Ya sha gaya mini, "Wanda ya kawo maka yadin likkafani, kada ka tambaye shi ko shi wane ne, ko daga ina ya samo. Miƙa hannu biyu ka karɓa. Mamaci ne yake jira." Ya taɓa ajiye wa kansa farin yadi a akwati, kamar yadda dattawa kan yi. Shekarar da ruwa ya kawo gawar wani baƙo bakin kwata, ba wanda ya san shi, wasu ma suna cewa daga tsallaken Benin yake, Baba ya aike ni gida na ɗauko yadin nan aka suturta baƙon da shi. Inna ta yi ta yi masa tuni ya sayi wani, kullum sai ya ce in an ci kasuwa.

Fitinar da ta ci shi ta samo asali ne daga zaɓen majalisar gari. Ranar zaɓen farko, kwalekwalen da ya ɗauko akwatin ƙuri'un tungayen masunta bai kai gaci da akwatin ba. Wasu samari suka tare shi a tsakiyar ruwa, suka karya hannun matuƙin da filafili, suka jefa akwatin kogi. Kotu ta soke sakamakon biro-biron jefa ƙuri'a na garinmu, kujerarmu ta zauna babu kowa, aka sa ranar zaɓen cike gurbi. Abin da ya ƙara wa wutar iska shi ne, sauran kujerun sun rabu daidai tsakanin ɓangarorin biyu, don haka duk wanda ya ci tamu, mutanensa ne za su naɗa magajin gari.

Mutum biyu ne a gaba. Akwai Alhaji Saini, mai manyan motocin da ke jigilar kaya daga gadar iyaka zuwa Yamai, direbobi da 'yan kabu-kabu da 'yan dako suna bayansa. Akwai Mushe Garba, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, masunta da manoman shinkafa suna tare da shi. Ni ɗan manomi ne, ina bayan Mushe, kuma ban ɓoye ba. Baba kuwa ya san su duka tun suna yara. Shi ya ɗinka wa Saini kaftaninsa na farko lokacin yana yaron mota, Mushe kuma shi ya koya wa 'ya'yan Baba karatu.

Wallahi abin da idona ya gani a makonnin neman ƙuri'ar nan ban so in sake gani. An ƙona injin ban ruwa na wani dattijo a fadama, shinkafarsa ta bushe yana kallo. An bi an yayyanka koma da tarun masunta da aka shanya. Su ma namu ba su zauna ba, kada wani ya ce na ɗauki ɓangare: sun fizgo wani ɗan kabu-kabu daga kan babur a gaban kasuwar kifi, sun sare shi da adda a kafaɗa, sun tura babur ɗin kogi. Yaran da suka yi wanka a kwata ɗaya suka koma yawo da gora da barandami a ƙarƙashin riga. Baba ya daina yi wa mutane wasan matashi. Na lura rediyon ma ya rage masa murya.

Ranar zaɓe jandarma suka cika gari, aka yi lafiya. Baba ya je biro da wuri, ya dawo da tawada a yatsa, ya buɗe rumfa. Washegari da safe aka faɗi sakamako: Alhaji Saini ya ci, da 'yar rata kaɗan. Ina rumfar Baba lokacin, raina a ɓace, ina ta faɗa cewa an saye mutane. Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya ce, "To, yanzu aka fara zaɓen."

Ba a jima ba sai ga rugugin babura. Jibo ne a gaba, ɗan ƙanen Alhaji Saini, shi ne jagoran samarin ɓangarensu. Ya sauko da bandir na farin yadi a kafaɗa, ya dire a kan teburin yanka, yana dariya.

"Baba, an yi mutuwa. Likkafani muke so, yanzu-yanzu."

Baba ya miƙa hannu zai kashe rediyo. "Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Samarin suka fashe da dariya. Jibo ya ce, "Siyasar Mushe Garba ce ta rasu da safen nan. Za mu kai masa gawarta har ƙofar gida ya yi mata salla."

Wannan mugun wasa ba su suka fara shi ba. An sha yi a garuruwa, waɗanda suka ci su naɗe itace su yi ta zagaya gari da kiɗa, wai suna jana'izar wanda ya faɗi. Amma a garinmu ba a taɓa yi da farin yadi na gaske ba. Baba ya janye hannunsa daga rediyon. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Jibo, ni na ɗinka likkafanin mahaifinka. Kana tsaye a bakin rumfar nan kana kuka, majina har baki. Ɗauki yadinka ka fita."

"Baba, ai wasa ne."

"Ba a wasa da wannan. Kun ci, Allah ya sa alheri. Ku je ku yi kiɗa, ku yi rawa, ku yanka sa. Amma duk wanda kuka kai wa makara ƙofar gida yana da rai, kun ce masa ku kashe shi kuke so, kuma haka zai ji."

Jibo ya ɗaure fuska. Ya zaro wuƙa daga ƙugu, a nan gabanmu ya ja yadin ya yanke rabi, yanka mai karkace da tsattsage irin na wanda bai taɓa riƙe almakashi ba. Ya jefa wa wani sauran bandir ɗin ya ce a mayar gidan Alhaji. Suka tayar da babura suka tafi. Na ce wa Baba ya bari in je in gaya wa mutanenmu su shirya. Ya daka mini tsawa: "Zauna! Kai ma wutar za ka kai?"

Bayan azahar muka ji kiɗa da ihu daga wajen masallacin Juma'a. Wata mata mai sayar da soyayyen kifi ta shigo a guje, ko mayafi babu, ta ce su Jibo sun ɗauko makarar masallaci. Sun naɗe guntun giginya da farin yadin, sun ɗaure da igiya, sun ɗora masa hula da tabarau irin na Mushe, suna tafe suna kalmar shahada da muryar shaƙiyanci. Ta ce masunta kuwa sun taru a ƙofar gidan Mushe da filafilai da masun kifi.

Baba ya miƙe. Santimetar awo na rataye a wuyansa, ko takalmi bai tsaya nema ba. Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, don Allah, waɗannan ba su cikin hankalinsu." Ya fizge ya ce, "Makarar nan ita ta ɗauki uwata, ita za ta ɗauke ni." Na bi shi.

Lungun gidan Mushe ƙunci gare shi, katanga hagu da dama. Mun iso ta wata 'yar hanya, muka faɗo daidai tsakiya, masu makara ta nan, masunta ta can, tsakaninsu bai fi jifa ba. Baba ya nufi makarar kai tsaye, ya kama hannunta na gaba da hannu ɗaya, ya sa ɗaya hannun ya fizge yadin. Hular da tabarau suka faɗi ƙasa, baƙin itacen ya bayyana. Kiɗan ya tsaya. Na rantse da Allah na ɗauka an gama, don na ga waɗanda ke riƙe da makarar sun fara sunkuyar da kai.

Sai dutse ya taso daga bayanmu, daga ɓangarenmu, ya fasa bakin wani mai ganga. Daga nan ban iya tsara abin da ya faru ba. Duwatsu suka riƙa sauka ta kowane gefe. Aka saki makara ta faɗi, hannunta ɗaya ya karye. Na ga an soki wani yaro da mashin kifi a cinya yana ta ihu yana kiran uwarsa. Na ga an taka wani a ƙasa ana dukansa da filafili har ya daina kare kansa. Ni ma wani abu ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da na share, na hango Baba tsaye, ya rungume farin yadin a ƙirji, yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku bari! Ku bari!" Wani ƙaton dutse ya same shi a haƙarƙari ya tanƙware. Kafin ya miƙe, gora ta sauka a ƙeyarsa. Jibo ne ya kai dukan, wani masunci ya nufa, masuncin ya goce. Ƙarar dukan nan har yau tana kunnena.

Sai da jandarma suka harba bindiga sama aka watse. Kafin nan wasu sun cinna wa kasuwa wuta, rumfunan 'yan yadi suka ƙone ƙurmus. Na ɗago kan Baba, jini yana fita ta kunnensa da hancinsa, yadin da ya rungume ya rine ja. A amalanken jaki muka fitar da shi bakin titi.

Ya yi 'yan kwanaki a asibitin Gaya, yawanci ba ya cikin hayyacinsa. Sau ɗaya ya farfaɗo sosai ina wurin. Ya motsa baki, na kai kunne. Ya ce, "An mayar da makarar masallaci?" Na ce an mayar, an ɗaure hannun da igiyar koma. Sannan ya ce, "Mushe ya je ya gai da Saini?" Na ce bai je ba. Ya rufe ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar da motar ta juyo da gawarsa, kafin ta iso labari ya gama gari. Ƙofar gidan Baba ta cika, amma ba zaman makoki na gani ba. Masunta da 'ya'yan manoma sun zo da filafilai da adduna, wasu da jarkokin esansi, wato fetur, suna cewa da an rufe shi gidan Alhaji Saini za su nufa, su ƙone shi da motocinsa da duk wanda ke ciki. An riga an kama Jibo da wasu daga ɓangarorin biyu, amma hakan bai sanyaya kowa ba. Ni kaina, Allah ya sani, zuciyata tana tare da masu jarkokin.

Aka yi wa Baba wanka. Aka zo maganar likkafani, sai aka dubi juna. Nasa ya tafi da baƙon da ruwa ya kawo. Rumfunan yadi sun ƙone. Motar gawar na wucewa aka rufe hanyar Gaya saboda fitinar, wanda aka aika da babur jandarma suka dawo da shi. Ga zafi, ga rana tana ɗagawa. Mutumin da ya suturta garin nan kaf yana kwance a ɗaki, an rasa abin da za a naɗe shi.

Ana cikin haka sai hayaniya ta mutu daga bakin lungu. Alhaji Saini ne, a ƙasa, shi kaɗai, ba direba ba ɗan rakiya, da farin yadi a hammata. Mutane suka dare masa hanya, sannan suka rufe ta a bayansa. Na ji ana cewa, "Ya kawo kansa." Wani ya tofa masa yawu a riga, bai goge ba. Ya zo har gaban tabarmar da nake zaune, ya durƙusa, ya miƙo yadin.

Na dubi bakin yadin. Ga yankan wuƙar nan, a karkace, zare duk a tsattsage. Sauran bandir ɗin ne, ɗan'uwan wanda Baba ya rungume ranar da aka doke shi. Alhaji ya ga na gane. Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Shi ne, Isaka. Ni na saya musu, na san abin da za su yi da shi. Babu wani farin yadi a garin nan sai shi. In za ka faɗa, faɗa."

Kai, jama'a! Kalma ɗaya ta rage. In ɗaga yadin nan sama in ce ku dubi bakinsa, Alhaji Saini ba zai fita lungun da rai ba, kafin magariba kuma rabin garin ya zama toka. Kuma ina so in faɗa. Harshena har ya ɗauko maganar. Wani na kusa da ni, adda a hannu, ya ce, "Isaka, mene ne? Me ya ce maka? Jefa masa tsiyarsa!"

Sai muryar Inna Zali ta fito daga bayan zana, a dushe saboda kuka, amma kowa ya ji. Ta ce, "Isaka, Babanka yana jira."

Ita ba ta ga bakin yadin ba. Abin da ta sani kawai shi ne an kawo yadi ban karɓa ba, kuma a gidan nan ba a taɓa yin haka ba. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Na ce wa mai addar, "Gaisuwa ya yi. Matsa ka ba ni wuri." Na naɗe bakin yadin ciki, na tashi na yi alwala, na dawo na sa almakashin Baba na daidaita bakin, na tura ƙyallen da na cire ƙarƙashin cinyata. Na zaro zare daga jikin yadin na fara ɗinki. Hawaye yana hana ni ganin allura, na soki yatsana ban san sau nawa ba. Ban ƙulla bakin zare ko ɗaya ba.

Ɗinkin hannu ba ya sauri, kuma a gaban mai ɗinkin likkafani ba a ɗaga murya, haka Baba ya saba wa garin. Mutane suka tsaya suna kallo. Da tsayuwar ta yi tsawo, dattawa suka fara zama. Wani ya jingine filafilinsa a katanga. Liman ya fara salati a hankali, aka amsa. Alhaji Saini yana durƙushe a inda yake, ba wanda ya ba shi tabarma, ba kuma wanda ya taɓa shi. Da aka shiga naɗe Baba aka nemi abin ɗauri, sai na fito da ƙyallen nan mai yankan wuƙa, na ɗaure ƙafafunsa da shi. Da shi aka binne shi.

Makarar masallaci ce ta ɗauke shi, da hannunta mai ɗaurin igiyar koma. A hanyar maƙabarta na ga Mushe Garba ya sa kafaɗa, can gaba kuma na ga Alhaji Saini ya karɓa. Ba su haɗu a kanta lokaci ɗaya ba, ba su kuma gaisa ba. Amma da aka dawo, jarkokin esansin nan ba wanda ya koma ta kansu, masu su suka zo da yamma suka kwashe abinsu a kunyace.

Da ban ba da wannan labari ba har in mutu, sai dai Alhaji da kansa ya tashi ranar sadakar arba'in ya faɗa a gaban jama'a, ya roƙi Inna Zali gafara. Ta ce ta bar wa Allah. Yana nan a kan kujerarsa ta konseye, mutanensa sun naɗa magajin gari. Jibo yana gidan kaso yana jiran shari'a, tare da yaronmu da ya fara jifa. Ni ban ce na yafe ba, kada a rubuta mini abin da ban faɗa ba. In na ga Alhaji a hanya har yanzu ƙirjina yana zafi. Abin da na sani shi ne na karɓa da hannu biyu, kamar yadda aka koya mini.

Yanzu ni nake buɗe rumfar Baba. Matashin yana kan benci, rediyon yana kan ƙusarsa. Kwanan baya wani direba ya tsaya shan ruwa, ya ce an sake zaɓe a wata komin can wajen su. Ban san lokacin da na dakatar da keke ba, na ji bakina yana tambayarsa ko wanda ya faɗi ya je ya gai da wanda ya ci. Ya ce bai sani ba. Na ce in ya koma ya tambayo mini.

Ya Allah, ga bawanka Munkaila ya zo maka da rauni a ƙeya da haƙarƙari, bai ɗauki makami a kan kowa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya suturta bayinka, na gida da baƙo, bai tambayi ko su wane ne ba, Ka suturta shi da suturar Aljanna. Ka ba Inna Zali haƙuri da lafiya, Ka tsare 'ya'yansa da jikokinsa, Ka rufa musu asiri, kada Ka bar su su nemi abu su rasa. Ka warkar da waɗanda aka raunata a lungun nan, na kowane ɓangare. Ka cire mini abin da ya rage a ƙirjina, don ni na kasa cire shi da kaina. Mu kuma da muka rage a bakin kogin nan, Ka sa kada makarar masallacinmu ta sake fita sai don wanda Ka kira da kanKa. Amin.